Rawar tango: me ake nufi da "ta gargajiya" da "ta zamani"?

Tambaya: "Ni da maiɗakina muna zaune a Santambul, wata biyar ke nan da muka shiga ajin koyon rawar tango. Malaminmu ya ce shi ta gargajiya yake koyarwa, duk abin da ya saɓa da nasa motsa jiki ne kawai. Mun leƙa wani aji, malamar can ta ce ita ta zamani take koyarwa, wai ta gargajiya rawar tsofaffi ce. Me waɗannan kalmomi suke nufi, kuma wa ya kamata mu bi?"

Amsa:

Ɗan'uwa, sannunku da ƙoƙari, a gaida mutanen gida. Ka kwantar da hankalinka, wannan gardama ta girmi malaman naku biyu, kuma ba a kanku za ta ƙare ba. Na daɗe ina wannan rawa, na koya a hannun mutanen ɓangarorin biyu, na kuma zauna a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, na ga yadda masu abin suke yi da abinsu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne sunayen nan biyu tagwaye ne, lokaci ɗaya aka raɗa musu suna. Mutumin da yake rawa a kulob ɗin unguwarsu a 1945 bai taɓa cewa "ni ɗan gargajiya ne" ba, tango kawai ya san yana yi. Sai a shekarun 1990, da baƙi suka fara tururuwa zuwa Ajantina da kuɗi a aljihu suna cigiyar malamai, sannan kowane malami ya buƙaci sunan da zai rubuta a takardar tallarsa.

Asalin abin ba zan ja shi ba. Tango ya tashi ne wajen shekarun 1880 a unguwannin talakawa na Buenos Aires da Montevideo, babban birnin Yurugwai, birane biyu da ke bakin kogin Río de la Plata, inda 'yan ci-rani daga Italiya da Sifaniya suka cakuɗa da jikokin bayin Afirka masu kiɗan kandombe da mutanen karkara da suka shigo birni neman abinci. A 1913 ya zama yayi a Faris, kuma sai da Turawa suka yaba sannan manyan gari a Buenos Aires suka rage ƙyamarsa. Turawan Ingila ma sun ɗauka sun yi masa nasu tsarin, shi ne wanda kake gani a gasar talabijin ana fizgar kai gefe da gefe. Wannan ka ajiye shi, wata rawa ce daban, ba ita malamanku suke jayayya a kai ba.

Idan malaminka ya ce "gargajiya", shekara ashirin kacal yake nufi, daga wajen 1935 zuwa 1955. A 1935 ne ƙungiyar makaɗan Juan D'Arienzo ta fito da bugu mai kaifi da sauri wanda ya dawo da jama'a fagen rawa, sai ga su Carlos Di Sarli da Aníbal Troilo da Osvaldo Pugliese, kowa da nasa salon. Kulob-kulob na unguwanni da gidajen rawa na tsakiyar gari suka cika maƙil. Wannan cunkoso shi ne ya haifi kusan duk abin da ake kira gargajiya yau. In mutum ɗari uku suna rawa a ɗaki ɗaya, dole taku ya gajarta, dole ƙafa ta zauna a ƙasa, dole kowa ya bi layi ɗaya yana zagaya fage saɓanin hannun agogo, ba mai wuce na gabansa, ba mai ja da baya ya taka na bayansa. Wannan zagayen suke kira ronda. Babu wani kwamiti da ya zauna ya tsara haka, matsi ne ya koya musu.

Yawancin mutane ma ba a makaranta suke koyo ba a lokacin. Yaro yakan je firaktika, wato wurin atisaye na maza zalla, ya fara da ɓangaren mace, manya suna jan sa wata da watanni har jikinsa ya san yadda ake ji idan an ja mutum da kyau da yadda ake ji idan an fizge shi. Bayan nan ne za a bar shi ya fara ja. Shi ya sa kowace unguwa take da nata salon, har akan gane inda mutum ya fito daga yadda yake taku. Kuma su ɗin ma ba masu riƙon tsohon abu ba ne. Carlos Estévez, wanda aka fi sani da Petróleo, ma'aikacin banki ne da shi da abokansa ake danganta musu da yawa daga juye-juyen da suka shigo rawar a shekarun 1940. A gaban tsohuwar rawar kanyenge, mai durƙushe-durƙushen gwiwa da ƙananan taku, su Petróleo su ne 'yan zamani. Abin da malaminka yake karewa yau a matsayin gado, sabon yayi ne a lokacinsa.

Daga nan zaren ya tsinke. A 1955 sojoji suka kifar da shugaban Ajantina, Juan Perón, aka takura wa tarukan jama'a, kiɗan rok na Amurka ya kwashe samari, manyan ƙungiyoyin makaɗa suka yi ta raguwa. Kusan shekara talatin sabbin jini ba su shiga rawar ba sai ɗaiɗaiku. A 1983, shekarar da mulkin soja na ƙarshe ya faɗi, wani wasan dandamali mai suna Tango Argentino ya buɗe a Faris da su Juan Carlos Copes da María Nieves da Virulazo, a 1985 ya isa Broadway, unguwar manyan gidajen wasan dandamali a New York. Duniya ta gani ta ce tana so. Samarin Ajantina ma suka waiwayo. Matsalar ita ce yawancin tsofaffin da suka iya ba malamai ba ne. Ka tambayi tsoho yadda ya yi wannan juyi, sai ya ce "kalla", ya sake yi, kuma na biyun ba daidai da na farkon ba. Jikinsa ya sani, bakinsa bai sani ba.

A wannan giɓi aka haifi abin da malamar take kira na zamani. Gustavo Naveira da Fabián Salas, daga baya Mariano Frúmboli da ake kira Chicho ya same su, suka zauna a shekarun 1990 suna warware rawar kamar bakanike da injin mota. Tambayoyinsu masu sauƙi ne. In ana yin wannan taku ta hagu, me zai hana a yi ta dama? In namiji zai iya sa ƙafarsa a gurbin da mace ta bari, abin da ake kira sakada, me zai hana ita ta yi masa? Suka gano cewa duk ɗimbin takun da ake haddacewa da suna, a ƙarƙashinsu abu uku ne kawai ke faruwa idan ɗaya yana zagaya ɗaya: taku na gaba, na gefe, na baya. Wanda ya gane wannan ba ya buƙatar hadda, zai iya haɗa nasa. To amma gwaji yana son wuri, don haka suka sassauta runguma, ƙirji ya rabu da ƙirji, hannuwa suka zama masu miƙewa da dawowa. Daga nan aka samu kolgada, inda mutum biyu suke rataye da juna kowa ya karkata baya, da bolkada, inda mai bi take jingina nauyinta gaba a kan mai ja, da soltada, inda ake sakin hannu gaba ɗaya na ɗan lokaci. Naveira da kansa ya sha cewa shi bai ƙirƙiro wani sabon salo ba, nazarin tango kawai ya yi. Mutane ba su saurare shi ba, sunan "nuwebo", wato sabo, ya riga ya manne.

Sunan kuwa aro ne, kuma aron ya jawo ruɗani. Astor Piazzolla, gwanin bandoniyon (kayan kiɗan tango mai kama da akodiyon) da ya rasu a 1992, shi ne aka fara kiran kiɗansa nuwebo tango tun bayan dawowarsa daga karatu a Faris a 1955. Amma shi kiɗan saurare ya yi, bai yi don fagen rawa ba, kuma masu gargajiyar lokacin sun yi masa ca suna cewa abin da yake yi ba tango ba ne. Saboda haka sabon kiɗa daban, sabuwar rawa daban, tsakaninsu shekara arba'in. Kiɗan da ya fi tafiya da sabuwar rawar shi ne na lantarki, irin na Gotan Project da ya fito daga Faris a 2001 da na Bajofondo da ya biyo baya.

Su ma masu gargajiya a wannan lokacin suka samu sunansu, kuma ba ɗaya ba ne. Susana Miller, wadda ta yi koyarwa tare da Pedro Rusconi da ake kira Tete, ita ce ta yaɗa sunan "milongero" ga rawar tsakiyar gari: ƙirji manne da ƙirji daga farkon kiɗa har ƙarshe, taku ƙanana, wasa da bugu. A arewacin birnin kuma, a unguwar Villa Urquiza inda kulob ɗin Sunderland da Sin Rumbo suke, akwai wata gargajiyar: tsayuwa a miƙe, taku dogo mai natsuwa, runguma da takan ɗan buɗe lokacin juyi ta sake rufewa. Ita ake kira "salon", wato rawar zaure (kalmar Sifaniyanci ce, ba "salo" na Hausa ba). Na ji ɗan milongero yana cewa 'yan salon rawar nuna kai suke yi, na ji ɗan salon yana cewa 'yan milongero ba su iya tafiya ba. Don haka ka tambayi malaminka gargajiyar wace unguwa yake nufi. In ya tsaya yana kallonka, ka san inda iliminsa ya tsaya.

Yanzu ga abin da ni na ɗauka shi ne ainihin bambancin, bayan an cire talla. Mai rawar gargajiya hankalinsa yana kan abu uku: mutumin da ke hannunsa, kiɗan da ke tashi, da sauran jama'ar da ke fage. Ba ruwansa da yadda ake ganinsa daga kujera. Za ka ga tsoho da taku biyar kacal ya shekara hamsin yana yi, amma mata suna jiran ya kalle su, saboda in Di Sarli ya tashi yana tafiya a shimfiɗe kamar ruwa, in D'Arienzo ne yana sara bugu ɗaya-ɗaya, in Pugliese ne ya san inda zai tsaya cak ya jira. Mai rawar zamani kuwa hankalinsa yana kan abin da jiki biyu za su iya yi tare: ina nauyi yake, ta ina ƙarfin juyi ya fito, wace ƙofa ce ba a taɓa buɗewa ba. Wannan ma abu ne mai daɗi, kuma na ƙaru da shi ƙwarai. Sai da na zauna a ajin 'yan nuwebo na gane dalilin da ya sa juyina na dama yake lalacewa, bayan malamai uku na gargajiya sun ce mini kawai in "ji a jikina". Illarsa ita ce yana iya mai da rawa lissafi, mace ta koma kayan gwaji, kiɗa ya koma amo a bango. Kiɗan lantarki yana taimaka wa wannan illar, domin bugunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ba ya tilasta maka ka saurara. Illar gargajiya kuma ita ce malalacin malami yakan ɓuya a bayanta, ya ce "haka tsofaffi suke yi" a duk inda ya kasa bayani.

Bari in ba ka labarin yadda na gane wannan a jikina. Zuwana na farko Buenos Aires na je wata milonga, wato taron rawa, a tsakiyar gari, kaina cike da abin da na koyo a aji. Fage a cike, ni kuwa na ja abokiyar rawata ta yi boleyo, wato ta wurga ƙafa baya sama. Tsinin takalminta ya sami ƙaurin wata baiwar Allah da ke bayanmu. Ba wanda ya ɗaga murya. Mijinta ya dube ni sau ɗaya, na ba da haƙuri, aka ci gaba. Amma har na bar wurin duk matar da na kalla sai ta mai da ido kan kofinta. Boleyon kuwa na yi shi daidai yadda aka koya mini. Bayan kwana biyu na je wata firaktika ta matasa a unguwar Palermo, wuri wadatacce, na ga ana yin wanda ya fi shi tsawo ba mai ko waiwayowa. Tun ranar nake cewa kafin mutum ya tambayi ko taku na gargajiya ne ko na zamani, ya fara duba faɗin wurin da yake tsaye.

Wannan kallo da na ambata shi ne kabeseyo, kuma yana cikin ladubban da gargajiya ta riƙe. Ba a tashi a je gaban mace a ce "zo mu yi rawa". Daga inda kake zaune za ka kalle ta, in ta riƙe idonka sai ka ɗan sunkuyar da kai, in ta amsa sannan ka tashi. In ba ta so, ta kau da kai, ba wanda ya gani, ba wanda ya ji kunya. Rufin asiri ne ga kowa, kuma ban taɓa ganin Bahaushen da aka yi wa bayaninsa bai gane hikimarsa nan take ba. Haka kuma ana sa kiɗa kashi-kashi, kowane kashi ana kiransa tanda (ba ta waina ba), faifai huɗu na ƙungiya ɗaya in tango ne, galibi uku in bals ne ko milonga, wasu nau'o'in kiɗa biyu 'yan'uwan tango (na biyun sunansa ɗaya da taron rawar). Tsakanin tanda da tanda akwai kortina, ɗan gajeren kiɗa na daban da ke cewa kowa ya koma mazauninsa. In ka ce wa abokiyar rawa "na gode" kafin tanda ta ƙare, ka sallame ta ke nan, kuma cin fuska ne. Wuraren zamani sun sassauta yawancin wannan: ana tambaya da baki, ana shigowa da wandon jins da takalmin roba, mace takan ja, namiji yakan bi, kuma akan sa kiɗan da ba tango ba ma.

Tunda da maiɗakinka kake zuwa, ga wani abu da zai yi maka amfani. A milongar gargajiya ta Buenos Aires, maza marasa rakiya suna zama gefe guda, mata gefe guda, ma'aurata kuma suna da nasu teburan. Matar da ta shigo da mijinta ta zauna tare da shi, ba a nemanta da rawa. Kulob irin su Sunderland daren Asabar ɗinsu na iyalai ne, za ka ga mata da miji da suka tsufa tare suna rawa da juna kaɗai. Don haka in kun zaɓi ku yi rawa ku biyu kawai, ba ku fita daga tsarin ba. A Turai da Turkiyya ba kowa ya san wannan ladabi ba, sai dai ku faɗa da baki cikin mutunci. A aji kuwa akan ce a yi musayar abokan rawa, ku sanar da malami tun farko.

Gardamar ma ta lafa a inda aka fara ta. Wajen 2009 Chicho Frúmboli ya fito a wata hira ya amsa cewa su da suka koya daga tsofaffi sun ba ɗalibai motsi amma sun gaza miƙa musu ruhin abin da girmama fage. Shi da wasu da yawa suka dawo da runguma kusa. A ɗaya gefen kuma, da wuya ka sami matashin malamin rawar "salon" a yau da ba ya amfani da bayanin su Naveira a ajinsa, ko da bakinsa yana kushe nuwebo. A shekarar ce kuma UNESCO ta sa tango cikin jerin gadon al'adun duniya da sunan Ajantina da Yurugwai tare. Gasar duniya da ake yi a Buenos Aires duk shekara tun 2003, galibi a watan Agusta, ta raba abin gida biyu, na fage da na dandamali. A na fage ba a sakin runguma, ba a tsalle, ana bin ronda. Ra'ayina a kan wannan gasa ba mai daɗi ba ne: ta sa matasa daga Kolombiya har Rasha har Koriya suna rawa iri ɗaya sak, tsayuwa ɗaya, taku ɗaya, sutura ɗaya, alhali abin da aka san tsofaffin da shi shi ne babu biyu da suke kama da juna. Wannan rawar gasa ita ce da yawa suke sayarwa yau da sunan gargajiya.

To wa za ku bi? A wata biyar, duk wanda ya fi koya muku tafiya. Ku sa ido a kan abu kaɗan. Malamin da yake ɓata rabin aji a kan yadda za ku taka tare cikin runguma ba tare da kun ture juna ba, yake sa muku Di Sarli da D'Arienzo ya ce ku ji bambanci, yake sa ɗalibai su zagaya ɗaki a layi kamar a milonga, wannan ku riƙe shi ko me ya rubuta a allonsa. Wanda kuma duk mako sabon jerin taku ne na haddacewa, ku yi hattara da shi. Har da takun nan guda takwas da ake fara koya wa kowa: kayan aji ne, kuma da takun baya yake farawa, wanda shi ne abu na farko da zai haɗa ka faɗa da mutane a fage mai cunkoso. In malamar zamani tana iya yi maka bayanin dalilin da ya sa uwargida take rasa tsayuwarta duk lokacin da ka juya, je ka biya kuɗin ajinta ka ji. In ta fara koya muku kolgada kafin ku iya tafiya tsawon ɗaki ba tangaɗi, ku dakata da ita tukuna, domin wannan motsi yana ɗora nauyin mutum a kan bayan ɗan'uwansa, kuma ciwon baya ba ya jin sunan salo.

Santambul gari ne da tango ya yi ƙarfi sosai, kusan kowane dare akwai inda ake milonga. Kafin ku yanke shawara ku je guda biyu, ɗaya da malaminku yake zuwa, ɗaya da malamar take zuwa. Kada ku yi rawa, ku sami tebur kusa da fage ku sha shayi. Ku nemo ɗaliban kowannensu da suka shekara biyu ko uku, ku kalli ko suna bin layi, ko takunsu yana canzawa idan an canza ƙungiyar makaɗa, sannan uwargida ta kalli fuskokin matan da ke hannunsu ta gaya maka abin da ta gani.